Agogon lilo da ke ja baya da bazara

Tambaya: Na gaji wani tsohon agogon bango mai lilo. Da zafi ya shigo sai ya riƙa ja baya. An ce in ƙara wa lilon nauyi. Hakan zai gyara shi? Kuma duk lilo iri ɗaya ne?

Amsa: Malam, kada ka ɗaura masa komai. Lokacin da lilo ke ɗauka ya je ya dawo, tsawonsa ne da ƙarfin jan ƙasa ke yanke shi, nauyi ba ruwansa. A kan wannan ƙa'ida Christiaan Huygens ya ƙera agogon lilo na farko a 1656. Lilo mai tsawon kusan mita 1 yana cin daƙiƙa 2 zuwa da dawowa. In kana son lokacin ya ninka, sai tsawon ya ninka sau 4.

Zafi kuwa yana miƙar da sandar lilon. Idan ta ƙarfe ce, duk ƙarin digiri 1 na jawo jinkirin kusan rabin daƙiƙa a rana. Ke nan in ɗakinka ya ƙara zafi da digiri 10 tsakanin hunturu da bazara, agogon zai yi asarar wajen daƙiƙa 5 kullum. Maganin yana ƙarƙashin kan lilon, wato dunƙulen nauyin da ke ƙasan sandar: akwai ɗan noti, ka murza shi kaɗan kan ya hau sama, ka bar shi kwana biyu ka gani. Amma in mintoci yake zubarwa a rana, kada a ɗora wa zafi laifi. Ƙura ce da busasshen mai, ka kai wa mai gyara.

Nauyin da aka ce ka ƙara, in ya faɗo ƙasan lilon, jinkirin ma zai ƙaru. A Big Ben, babban agogon hasumiya na Landan, tsofaffin kwabbai suke ɗorawa can wajen saman lilon, kowane kwabo ya ƙara masa saurin kusan daƙiƙa 0.4 a rana. Wurin da aka ɗora nauyin ne ke aiki.

Lilo iri-iri ne. Saboda wannan matsala ta zafi George Graham ya yi mai ɗauke da zaiba a 1721, John Harrison kuma ya haɗa sandunan ƙarfe da na tagulla, miƙewar wannan ta cinye ta wancan. Akwai wanda ba ya kaɗawa sam, murɗawa yake yi hagu da dama, irin na agogon da ake murɗa wa makulli sau ɗaya a kwana 400.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Léon Foucault, da ya rataye a Paris a 1851: waya mita 67, kai kilo 28. Layin kaɗawarsa na karkata kusan digiri 11 kowace awa, shaida cewa duniya na juyawa. Da a Kano aka rataye shi, kusan digiri 3 kawai zai riƙa karkata, don mun fi kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu.