Tambaya da Amsa: Wane famfo da wane inji suka dace da silindar injin faskare?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Kaduna. Wani mai sana'ar itace da yake kai wa gidajen burodi kaya ya nemi in haɗa masa injin faskare mai aiki da man haidirolik, irin wanda ya gani ana amfani da shi a Amurka, domin masu yi masa faskare da gatari ba sa cika masa adadin da yake buƙata a rana. Na samu silinda a Panteka mai faɗin inci 5, tana miƙewa inci 24, kaurin sandarta kuma inci 2 ne. Ina da injin fetur mai ƙarfin doki 6.5, irin na ban ruwa. Mai sayar da famfo ya nuna mini guda biyu, mai tura galan 11 na mai a minti da mai tura galan 16, duka masu mataki biyu. Wani abokin sana'ata kuma ya ce in ajiye na fetur in ɗora injin dizal na niƙa mai doki 12, wai ta haka zan samu ƙarfi. Wanne zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da maganar abokin naka, domin a nan ne masu haɗa irin wannan inji suka fi yin asarar kuɗi. Girman inji ba ya ƙara wa faskare ƙarfi ko kaɗan. Ƙarfin turi yana fitowa ne daga faɗin fistin ɗin da ke cikin silinda da kuma matsin man da ke bayansa. Saurin aiki kuma famfo ne yake da shi, gwargwadon yawan man da yake turawa a minti. Aikin inji kawai shi ne ya juya famfon ba tare da ya mutu ba, don haka duk dokin da ya haura abin da famfon yake nema, man banza kawai yake sha.

Lissafin ƙarfin ba shi da wuya. Fistin mai faɗin inci 5 yana da fili murabba'in inci 19.6. Idan aka saita matsin mai a kan laba 2,500 ga kowane murabba'in inci, wato abin da ake rubuta psi a jikin geji, turin zai kai laba dubu 49, kimanin tan 22 ke nan. Silinda mai inci 4 tana da fili murabba'in inci 12.6, tana bayar da kimanin tan 14 a wannan matsin. Amma kafin ka dogara da wannan, ka tabbatar cewa inci 5 ɗin da ka faɗa faɗin ciki ne, ba na waje ba, domin masu sayarwa sukan ɗora awo a bayan bututun, alhali kaurin ƙarfen yana iya cinye rabin inci. Idan cikin inci 4 da rabi ne, tan 18 kake da shi. Ka kuma duba ko tana da ƙofofin mai guda biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. Yawancin silindar tifa ƙofa ɗaya gare ta, nauyin bodi ne yake mayar da ita, saboda haka idan ka kwantar da ita a kan injin faskare za ta tafi, ba za ta dawo ba.

Babbar silinda tana da nata farashin, kuma da lokaci ake biyansa. Kafin taka ta miƙe gaba ɗaya sai ta sha galan 2 na mai da ɗan ɗoriya, kafin ta koma kuma sai ta sha galan 1.7, domin sandar ta cike wani ɓangare na wurin. Galan ɗin da ake nufi a nan na Amurka ne, kimanin lita 3.8. Jimillar zuwa da dawowa galan 3 da kwata uku ne, wanda famfon galan 11 zai cika a cikin daƙiƙa 20, na galan 16 kuma a cikin daƙiƙa 14. Silinda mai inci 4 da wannan famfo na galan 11 tana gama zagayenta a cikin daƙiƙa 12 da rabi. Bambancin daƙiƙa bakwai ko takwas yana kama da ƙaramin abu a takarda, amma mutumin da yake tsaye riƙe da gungume yana jiran sanda ta dawo sau ɗari huɗu a yini, kusan awa guda ce ta tafi masa a jira.

Yanzu sai batun inji, kuma a nan ne za ka ga hikimar famfo mai mataki biyu. Ana samun dokin da ake buƙata ta hanyar ninka galan a minti da matsi, a raba da 1,714, sannan a ƙara kimanin kashi 15 cikin ɗari saboda asarar da ake yi a cikin famfon. Da a ce famfon galan 11 mai mataki ɗaya ne, yana tura dukkan man a matsin 2,500, da sai ya nemi inji mai doki kusan 19. Mai mataki biyu kuwa famfo biyu ne a gida ɗaya, babba da ƙarami. Muddin bakin ƙarfen da yake tsaga itacen bai gamu da turjiya ba, duka biyun suna turawa tare, sanda tana tafiya da gudu. Da zarar matsi ya kai wajen 650, sai wani bawul ya sauke babban, ƙaramin ya ci gaba shi kaɗai da kimanin galan 3 a minti. Da kunnenka za ka ji wannan sauyin: ƙarfe ya taɓa itace, sautin inji ya yi nauyi, sanda ta koma rarrafe da abin da bai kai inci ɗaya a daƙiƙa ba, sai gungumen ya yi ƙara ya buɗe, nan take gudun ya dawo. Galan 3 a matsin 2,500 doki 5 kawai yake nema, shi ya sa injinka mai 6.5 zai riƙe famfon galan 11 ba tare da wahala ba.

Famfon galan 16 kuma linzami ne da ya fi ƙarfin bakin kaza. Tun a matakin farko, galan 16 a matsin 650 yana neman kimanin doki 7, kuma lambar da ake liƙa wa waɗannan ƙananan injuna takan ɗara abin da suke bayarwa a zahiri. Masu ƙera irin wannan famfo doki 8 suke cewa a ba shi, don haka inji irin Honda GX270 mai doki 9, ko makamancinsa, shi ne daidai da shi. Idan ka ɗora shi a kan naka, zai tashi lafiya, ya yi ta gudu babu kaya, amma gungume na farko mai gaɓa zai kashe shi.

Injin dizal na niƙa yana da wata matsalar da abokin naka bai lura da ita ba. Lambar galan da ke jikin waɗannan famfuna an auna ta ne a kan juyi 3,600 a minti, wanda shi ne gudun ƙananan injunan fetur. Injin niƙa mai fistin ɗaya yakan tsaya a wajen juyi 2,200. A wannan gudun, famfon galan 16 abin da zai bayar bai kai galan 10 ba, wato ka sayi babban famfo da babban inji ka samu ƙasa da abin da ƙaramin famfo zai ba ka a kan injin da ke shagonka. Haka abin yake ga motar lantarki, domin a Amurka wutarsu tana juya mota kusan sau 3,450 a minti, a wutarmu kuwa irin wannan motar 2,900 take yi, wata ma 1,450. Ana iya ƙara gudun da bel, amma ba a ɗaura bel kai tsaye a kan sandar irin wannan famfo, domin ba a yi ta don jan gefe ba, kuma ba za a daɗe ba ta fara yoyo. Sai an girka wata sanda daban mai boris a gefe biyu, ita ta ɗauki jan bel ɗin, sannan a haɗa ta da famfon baki da baki.

Abin da nake gani shi ne ka koma wurin mai itacen ka ga irin kayan da yake saukewa. Idan yawanci darbejiya ce da turare da makamantansu, tan 14 ya isa, kuma da ni ne sai in musanya silindar da mai inci 4, in haɗa ta da famfon galan 11 da injin da kake da shi, kuɗi kaɗan, aiki da sauri. Idan kuwa manyan gumaguman ƙirya da marke ne masu murɗaɗɗen jiki, ka riƙe mai inci 5, ka sayi famfon galan 16, ka nemi inji mai doki 9. Riƙe babbar silinda da ƙaramin famfo ma zai yi aiki, sai dai mai shi zai yi ta ƙorafin nawa. A kowane hali, ƙarfen da za ka girka silindar a kai da waldar da ke riƙe da gindinta su ne za su ɗauki dukkan wannan turin, kuma tan 22 yana lanƙwasa ƙarfe maras kauri tun a makon farko.

Tankin mai kada ya gaza abin da famfo yake turawa a minti ɗaya, wato kimanin lita 40 ga ƙaramin, lita 60 ga babban, kuma saboda zafin bazara gara ya ɗara haka. Man haidirolik mai lambar kauri 46 ko 68 ya fi mai lamba 32 dacewa da yanayinmu. Tiyon da yake kawo mai daga tanki ya zama gajere mai faɗi, aƙalla inci ɗaya, domin famfon da yake shan mai da ƙyar yakan yi kuka ya cinye kansa. Idan kana zargin yoyo a jikin tiyo, da kwali ake nemansa, ba da hannu ba, domin mai a irin wannan matsi yana huda fata. Ka sa geji mai kaiwa 5,000 tsakanin famfo da bawul ɗin da ake tura sanda da dawo da ita, ka sassauta bawul ɗin kariya, wato wanda yake hana matsi wuce iyaka, kafin tashin farko, ka tura sanda har ƙarshe, sannan ka riƙa ɗaure shi kaɗan-kaɗan kana kallon allura har ta tsaya a kan 2,500, ka kulle notinsa a nan.