Ku Tambayi Anti: Labarin mayu da soyayya, dole sai a Ingila?

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah a taimaka min. Ni 'yar Mai Wurno ce ta ƙasar Sudan amma yanzu muna Fot Sudan tunda yaƙi ya taso mu. Ina son irin littattafan nan na Turawa masu tsohon gida mai ban tsoro, ga mayu ga sirrin dangi ga soyayya, kuma duk a zamanin da. Na fara nawa da Hausa na kai labarin Ingila amma wallahi duk ya fita a raina. Ya zan yi? Daga ƙanwarki.

AMSA: Wa alaikissalam ƙanwata, Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina ya maida ku gida lafiya. To ai dole ya fita a ranki, kin je aron kango a ƙasar da ko sanyinta baki taɓa ji ba alhali ga Sawakin nan kudu da ku, tafiyar kamar kilomita 60. Garin da aka gina da dutsen murjani, nan alhazanmu ke hawa jirgin ruwa zuwa Jidda, da Turawa suka gina Fot Sudan a farkon ƙarni na 20 kasuwa ta koma can sai aka bar benaye suna zubewa, har yau mutane na cewa aljanu ne a ciki. Wane tsohon gida kike nema kuma?

Tarihin ma a gidanku yake. A 1903 Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira da jama'a mai yawa, aka kashe shi a yaƙin Burmi cikin Yuli na shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran har suka zauna kusa da Sinnar, sunansa garinku ya ci. Ki duba tafiyar nan da kyau, shekaru ana yinta a ƙasa, wani ya mutu a hanya wani ya yi aure wani ya canza suna ya ce shi ɗan gidan malamai ne kuma waye zai ƙaryata shi? Akwai kuma waɗanda aka sayar a hanyar Makka, dan sai 1962 Saudiyya ta haramta bauta. Sirrin dangi kenan da zai iya kwanciya shekara 50 a ƙasan akwatin kaka.

Maitar kuwa kar ki kwaso ta Turawa mai tsintsiya da baƙar hula, ba za ta zauna ba. A wajenmu cewa ake maye kurwa yake kamawa, yana da ƙanƙara a ciki, in an zarge shi a sa ya tsallake mara lafiya, uwa uba ana cewa gadonta ake. Nan soyayyarki za ta sha wuya, saurayi ya ga yarinya a gonakin audugar Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, magana ta yi nisa sai wata gwaggo ta ja shi gefe ta ce ka bincika asalin uwarta. Kuma ki bambanta, maita daban, sammu daban, zar ɗin da matan Sudan ke yi ya fi kusa da borinmu, in kika cakuɗa su tsofaffin garinku za su kama ki tun shafin farko.

Ra'ayina ni dai (wasu marubutan ba za su yarda ba) kar ki taɓa nuna kakar yarinyar tana cin kurwa. Ki bar mai karatu cikin kokwanto, yara na mutuwa a unguwa, zazzaɓin damina ne ko ita ce, ga ta bata magana da kowa ga ɗaki ɗaya da bata bari a shiga. In an buɗe ɗakin a tarar da abin da mutane suka aikata, misali ita aka taɓa sayarwa, wanda ya ci kuɗin kuma shi ya fara yaɗa cewa mayya ce dan kar a saurare ta. Wannan ya fi aljani tada tsigar jiki, kuma baki ƙara wa matan da ake yi wa wannan ƙazafi har yau nauyi ba.

Sunayen gidajen gaske kuwa ki bar su, ki ƙirƙiri naki kar dangi su taso miki. Larabcin da kuke sakawa a magana ma ki bar shi a bakin mutanen labarin, masu karatu na Kano za su gane daga yadda zancen ke tafiya. In kin gama babi na farko ki turo in gani.