Lambar allo ba ta san kwabo ba

Kai yaro, ka tambaye ni yadda za ka bambance kuɗi da tarkace in na'urar gano ƙarfe a ƙasa ta yi kuka, wai ko lambar da ke fitowa a allo ta isa. Ba ta isa ba. Ku yaran yanzu ido ya saba da gilashin waya, kunne kuwa a gida kuke baro shi.

Kunnawa da daidaita ta da ƙasa ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda bai san jar ƙasar Zariya da marmararta cike suke da ƙarfe ba, ya koma tallan rake. Ƙusa gurnani take sa na'ura, azurfa da tagulla kuwa siririn kuka mai zaƙi. Marfin kwalba mai tsatsa maƙaryaci ne: ka juya ka shara shi ta gicciye, za ka ji muryar ta karye. Gwangwanin lemo kuma, ɗaga faifan na'urar da ake shara ƙasa da shi taƙi guda, yana nan yana ihu, kwabo kuwa tuni ya yi shiru. Anini da kwabo mai huji na zamanin Turawa galibinsu akwai nikel a jikinsu, tsaka-tsaki suke kuka kamar takardar kwalin sigari. In ka sa na'ura ta riƙa tsallake takardar, za ka taka su ka wuce.

Dala ce ba ta da ja. Ta Mariya Tariza nake nufi, kuɗin azurfa mai kan mace, giram 28, wadda tun daga 1780 kowace ke ɗauke da wannan shekarar ko yaushe aka buga ta. Kukanta ne ma ya sa na tsaya ba ka amsa.

Wani attajiri a cikin birni ya kira ni tsohon gidan gadonsu, wai kakarsa ta binne tukunya tun kafin a daina sule da fam a 1973. Muka yi magana baki da baki, kashi ɗaya cikin uku nawa. Daga zaure har turaka ba abin da na tono sai ƙusoshi da tsoffin kwanuka. Dab da magariba, ƙarƙashin inda gadon ƙasar tsohuwar yake, faifai ya yi wani kuka mai faɗi, tsaf, ta kowace fuska. Har tsigar jikina ta tashi. Na ɗauki diga, sai ya riƙe mini hannu: "Malam, an kira salla, ba a haƙa da almuru. Allah ya kai mu gobe."

Da sassafe na tarar da rami har gwiwa, ga zanen gindin tukunya raɗau a ƙasa. Ya miƙo mini wata tsohuwar tasa mai tsatsa, wai ita suka samu. Tasa! Ni za a koya wa kukan tasa? Ya haɗa ni da kuɗin acaɓa. Ba a yi wata ba wani maƙerin fari a kasuwa ya nuna mini daloli, ƙasa ba ta gama fita daga gashin matar ba. Mutumin yana nan, sahun gaba yake salla, har gaishe ni yake.

Gobe ka zo da tsoffin kuɗin da ke akwatina, da ƙusa da marafan kwalba. Zan binne su a bayan shago, in liƙe allon da salatif. Kuma kada in ji ka kusanci ganuwa da diga, ta hukumar kayan tarihi ce, ba ni zuwa belin kowa.