Shin doka za ta iya kare mai farfaɗiya?

Ka tambaya ko akwai amfanin kafa doka a kan farfaɗiya, tunda ciwo ne da likita ke kula da shi. Amfanin yana da yawa, domin galibi ba a gaban likita ciwon yake kayar da mutum ba, sai a aji ko wurin aiki, inda na kusa da shi ba su san abin yi ba.

A shekarar 2018 jihar Kentaki ta Amurka ta kafa dokar da ta wajabta horar da ma'aikatan makaranta, tare da ajiye rubutaccen tsarin agaji ga ɗalibi mai ciwon, kuma jihohi da dama sun bi sahunta. Abin da ake koyarwa ba shi da wuya: a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a danne shi, kada a cusa masa komai a baki (kuskuren da, a ganina, ya fi yaɗuwa), sannan a kira motar asibiti idan jijjigar ta wuce minti 5.

A Ingila kuwa, wata doka ta shekarar 2023 ta mayar da aika wa mai farfaɗiya hotuna masu walƙiya (waɗanda kan iya tayar da ciwon) ta intanet da nufin cutar da shi laifin da ke kai mutum kurkuku.