Yaya zan kare katakon rufina daga gara ba tare da guba ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan rufa ɗakuna biyu a gidana, kafinta ya ce in sayo baƙin mai mu haɗa da fiya-fiya a shafe katakon saboda gara. Ni kuwa akwai rijiya a tsakar gidan, ga yara, ga tumaki. Akwai hanyar da ba za ta cutar da mu ba? Daga wani magidanci a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada a yi wannan haɗin. Baƙin mai da aka juye daga inji cike yake da dattin ƙarfe da sinadarai masu guba, wanda ya ɗiga ƙasa kuma ruwan sama zai iya bi da shi har rijiyarka. Fiya-fiya kuwa cikin 'yan kwanaki ƙarfinta ke bin iska, iskar da yaranka za su shaƙa, katakon ya koma yadda yake. Idan aka ce maka Gamalin ma ka ƙi: sinadarin da ke cikinsa, lindane, an sa shi cikin jerin haramtattu a yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm tun 2009.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, laima ce ke buɗe wa ɓarna ƙofa. Funfunar da ke ruɓar da katako ba ta iya aiki idan ruwan da ke jikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Gara kuma daga ƙasa take tasowa, ba ta jure rana da bushewa, shi ya sa take gina wannan siririyar hanyar ta jar ƙasa a jikin bango tana bi ta ciki. Saboda haka kada ka yarda a ɗora ɗanyen katako. Ka jera shi a inuwa bisa bulo, ka sa 'yan sanduna tsakanin layi da layi iska ta ratsa, ya samu makonni. Da rani ko hunturu abin ba ya daɗewa. A share guntayen katako da kututture daga harabar ginin, domin su ne ke fara kiran gara.

Sai magani. A wurina babu kamar sinadarin boron, wanda ke cikin borax da boric acid, ga katakon da ke ƙarƙashin kwano. Ka nemi borax da boric acid wurin masu sayar da kemikal, farin gari ne dukansu, ba wari. Ka haɗa kashi 3 na borax da kashi 2 na ɗayan, ka narka kilo 1 na haɗin a ruwan ɗumi lita 10. Idan da hali a yi kwami da bulo a shimfiɗa leda mai kauri, a tsoma katakon ya kwana biyu ko uku, sannan a shanya. In ba hali, a shafa da buroshi sau uku, a ƙosar da bakin da zarto ya yanka, don ta nan katako ya fi shan ruwa. Maganin yana kashe gara da funfuna da ƙwaron nan mai huda ƙananan ramuka kana ganin gari kamar fulawa yana zubowa. Katakon obeche da farin gefen kowane katako su ƙwaron ya fi so. A sa safar hannu, a hana yara da dabbobi kusantar ruwan, kada kuma a zuba ragowar a gindin shuka, yawansa na ƙona ta. Raunin boron ɗaya: ruwa na wanke shi, don haka ba na dirka ba ne ko abin da ruwan sama zai riƙa duka.

Man darbejiya yana korar ƙwari, amma rana da ruwa na karya shi, sai an riƙa sabuntawa. Ya dace da ƙofa da kujera, kada ka dogara da shi a rufi.

Abin da zai shiga ƙasa, itacen ne da kansa magani. Kakanninmu ba su san kemikal ba, suka zaɓi kirya don dirka, suka tsaga giginya suka yi azara. Je ka Gidan Makama a Kano ka ɗaga kai ka gani. Sai dai giginya na shan shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma tana ƙarewa a dazukanmu, abin yana damuna ƙwarai. Wanda ya samu tsohuwar azara daga rusasshen gini ya riƙe ta da kyau. Idan za ka kafa dirka, babbake gindinta sama-sama har ya yi baƙi, ka ɗora ta bisa dutse ko siminti. Babbakar na rage ruɓewa, amma ba ta hana gara gaba ɗaya.

Bayan an gama rufin, duk farkon damina ka zagaya bango ciki da waje, ka leƙa silin da tocila. Ka ga hanyar gara, kankare ta, ka bi ta har inda ta fito, ka toshe tsagar da siminti, ka gyara duk inda kwano ke yoyo.