Amsa ga ƙanwarmu da karenta ya mutu

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun daren jiya na karanta tambayarki, amma ban so in amsa da gaggawa ba, domin abin da ya same ki ya taɓa samuna. Kin ce shekara shida da suka wuce kika tsinci wani kare a bakin titi a unguwar Madina ta Akra, babban birnin Ghana, bayan mota ta karya masa ƙafa, kika yi jinyarsa har ya warke ya zama mai gadin gidanku, ga shi yanzu mako biyu ke nan da mutuwarsa amma zuciyarki ta ƙi sakewa, ɗanki kuma kullum yana tambayar inda ya tafi. Kin tambaya ko akwai laifi a cikin wannan baƙin ciki, da kuma abin da ya dace Musulmi ya yi don tunawa da dabba irin wannan. Na ga wasu sun ba ki haƙuri, wasu kuma sun yi mamakin yadda za a zubar da hawaye saboda kare. Allah ya ba ki haƙuri, ya kuma ba ki ladan jinyar da kika yi.

Ni sana'ata kiwon raguna da awaki ce a unguwar Maamobi da ke Akra, nakan sayo su a kasuwar dabbobi ta Tulaku da ke Ashaiman, in turke su har lokacin layya. Duk wanda yake Akra a shekarar 2015 ba zai manta da daren Laraba, 3 ga Yuni ba, daren da ruwa ya ci gari, wuta kuma ta kama gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah da muke kira Circle, mutane fiye da 150 suka rasa rayukansu, har gwamnati ta sa aka yi makokin kwana uku. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Da gari ya waye ranar Alhamis na fita duba ɓarnar da ruwa ya yi wa garkena, sai na bi ta gefen babbar kwatar nan da ta ratsa Nima da Maamobi ta gangara zuwa kogin Odaw. Ruwan ya ja baya, ya bar tarin ledojin ruwa da tsummoki da itatuwa a gefe. A cikin wannan tarkace na ji wani siririn kuka wanda da farko na ɗauka na ɗan akuya ne. Da na sa sanda na buɗa, sai ga ɗan kwikwiyo ja, bai wuce wata biyu ba, laka ta rufe masa ido ɗaya, jikinsa sai rawa yake yi. Na tsaya na daɗe ina kallonsa. A ranar da gari ke neman gawarwakin mutane, ban ga abin da zai sa in ɗauki kare ba, har na juya na yi taku kaɗan. Kukan ne ya ƙi barina. Na komo na naɗe shi a buhun dusa na kai shi garke, yarana suka sa masa suna Tsira, sunan kuma ya bi shi.

Maganar addini ita ce ta fara tasowa, kuma a cikin gidana ta taso. Uwargidana ta ce ba za ta zauna da kare ba, ta kawo hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare a cikinsa, ta kuma kawo wanda ya ce ladan mai ajiye kare yana raguwa kowace rana. Gaskiyarta ce, hadisan ingantattu ne, kuma ban yi mata gardama ba. Na je wurin malamin da nake ɗaukar karatu a hannunsa bayan magariba, ya tuna mini cewa hadisin raguwar lada shi da kansa ya togace karen farauta da na kiwo da na gona, ni kuma dabbobi gare ni da ke bukatar tsaro. Ya ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya, wadda galibinmu a zango muka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai kuwa bin umarni ne. Ya ba ni labarin da malaman Malikiyya suke kawowa na Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, da aka tuna masa cewa Imam Malik ya karhanta hakan sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. A ƙarshe malam ya karanta mini hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim, na mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa, sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Muka daidaita a kan cewa Tsira zai zauna a garke, ba zai shiga ɗaki ba, kwanonsa daban, kuma haka aka yi har ƙarshen rayuwarsa. Uwargidan nan da ta ƙi shi da farko ita ce daga baya take ware masa ƙanzon tuwo da kan kifi kafin ta raba wa kowa.

Ya girma ya zama irin karnukan nan namu na gida, ja, mai tsayayyen kunne da naɗaɗɗiyar wutsiya, marar yawan haushi. Lokacin ana cikin dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, unguwa takan kwana cikin duhu, ɓarayin dabbobi kuma sun fi ƙarfi idan layya ta matso. Kafin zuwansa an taɓa kwance mini raguna biyu a dare ɗaya. Bayan ya girma ko igiya ba a sake ɗauka ba, kuma maƙwabtan da suke tsallake hanya idan sun gan shi su ne suka riƙa cewa tunda ya zo suke barci da ido biyu rufe. Amma abin da ya fi zama mini a rai ba gadin ba ne. Kowace asuba idan na fito zan tafi masallaci, sai ya biyo ni a baya da ɗan rata, idan muka kai kwanar da ake hango ƙofar masallaci sai ya tsaya, ya kwanta ya miƙe ƙafafunsa na gaba yana jira har a sallame. Sau ɗaya tak na tsawata masa a wurin yana ƙarami, bai ƙara ƙetare wannan kwana ba cikin shekara tara da wani abu. Duk ranar Juma'a idan ina karanta Suratul Kahfi na zo aya ta 18, inda Allah ya ambaci karen mutanen kogo yana shimfiɗe da zira'ansa a bakin ƙofa, kwanciyar Tsira nake gani a idona.

Ciwonsa ya fara ne da hunturun ƙarshen 2024. Na lura yana shan ruwa fiye da da, yana yawan fitsari, haƙarƙarinsa suna fitowa, amma na danganta abin ga bushewar iska da kuma tsufa, tunda furfura ta riga ta fito masa a baki. Sai da ya fara amai ya ƙi abinci, a farkon azumi cikin watan Maris na 2025, sannan na ɗauki tasi na kai shi wurin likitan dabbobi. Aka ɗebi jininsa, likita ya ce ƙodarsa ta gaza, ya kuma yi mini bayanin cewa ciwon ƙoda a jikin tsohon kare a ɓoye yake tafiya, ba ya nuna kansa sai mafi yawan ƙodar ta riga ta lalace, kuma yawan shan ruwan nan da na raina yana cikin alamominsa na farko. Aka yi masa ƙarin ruwa, ya ɗan farfaɗo kwana uku, sannan ya koma. Likita ya ce akwai allurar da ake yi wa dabbar da ba ta da sauran tashi domin a hutar da ita, na ce ya bar ni in yi shawara da malamina zuwa gobe. A wannan daren bayan tarawihi na zauna kusa da shi a garke, ina jiƙa masa baki da tsumma domin ba ya iya ɗaga kai. Da na fito bayan sahur na tarar ya mutu, kansa yana fuskantar ƙofa.

Na kawo wannan dalla-dalla ne domin na ji a cikin maganarki kina zargin kanki, kina cewa da kin kai shi asibiti da wuri da bai mutu ba. Ni ma na yi makonni ina wannan lissafi. Abin da likitan ya faɗa mini shi ne, da na zo da wuri da an sauya masa abinci an rage masa wahala, wataƙila ya ƙara watanni, amma ƙodar da ta lalace ba ta komawa. Sakacin da na yi na yarda da shi, na nemi gafarar Allah a kansa. Sai dai kuma na tuna cewa karen da ya kamata ya mutu a kwata yana ɗan wata biyu ya yi kusan shekara goma yana ci yana sha ba wanda ya jefe shi. Naki ma ya samu shekara shida da ba zai samu ba da kin wuce shi a titin Madina kamar yadda ɗaruruwan mutane suka wuce shi a wannan rana.

Gawar ban yarda a jefa ta a bola ko a kwata ba, ko da yake wasu sun ce mushe ne kawai. Mushe ne, kuma najasa ne, shi ya sa ma bai kamata a bar shi yana ruɓewa a inda yara ke wasa ba. A Maamobi ba ka da inda za ka sa diga, ko'ina siminti ne, don haka na naɗe shi a buhu muka kai shi filin ƙanena a wajen Amasaman, muka haƙa rami mai zurfi, nesa da rijiya, muka rufe. Ba salla, ba likkafani, ba sadakar uku ko ta bakwai, domin waɗannan haƙƙin ɗan Adam ne, kuma ina ba ki shawara kada ƙauna ta sa ki ara masa abin da ba nasa ba.

Hawaye kuwa ban ga abin kunya a cikinsu ba. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma wanda ya yi shekaru yana buɗe ƙofa wata halitta tana tarbarsa da murna, dole ya ji gidan ya yi masa faɗi ranar da ya buɗe bai ga kowa ba. Ni da na haura hamsin na yi wajen wata guda ina waiwayawa a kwanar masallaci. Game da ɗanki, ki tuna da hadisin Anas a kan ƙaninsa Abu Umair, yaron da yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, tsuntsun ya mutu, Manzon Allah ya gan shi cikin damuwa ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun nasa cikin lallashi. Bai ce masa tsuntsu ne kawai ba. Ki faɗa wa yaron gaskiya cewa karen ya mutu ba zai dawo ba, kada a ce masa ya yi tafiya ko an kai shi ƙauye, domin zai yi ta zuba ido, ranar da ya gane kuma zai daina yarda da maganarki. Autata ta tambaye ni ko Tsira yana aljanna. Na buɗe mata Suratul An'am aya ta 38, inda Allah ya ce babu wata dabba a ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fukafukansa face al'ummu ne irinmu, kuma zuwa ga Ubangijinsu za a tattara su. Na ce mata wanda ya halicce shi bai manta da shi ba, ta kuwa gamsu da wannan.

A kan tunawa da shi, abin da ya yi mini amfani guda biyu ne. Sarƙarsa na bayar, hotunansa suna nan a waya, amma mazubin ruwansa, wanda jarka ce irin rawayar nan da muke kira galan ɗin Kufuor na yanke ta biyu, na fito da shi waje na ajiye a gindin katangar garke. Kowace safiya nakan wanke shi in cika, saboda kada sauro ya yi ƙwai a ciki, kuma karnukan titi da kyanwoyi da kurciyoyi duk suna sha. Niyyata ita ce ladan shayarwar nan da hadisi ya ambata. Na biyu shi ne allurar rigakafin haukan kare. Tsira bai taɓa tsallake tasa ba tun yana wata uku, kuma da Satumba ta zagayo, lokacin da ake ranar yaƙi da wannan ciwo a 28 ga wata, sai na ɗauki kuɗin da na saba kashewa a kansa na biya aka yi wa karnuka huɗu na maƙwabta. Wannan ya fi shafar 'ya'yanmu ma fiye da karnukan, domin kusan duk mutumin da ciwon ya kama daga cizon kare ya same shi, kuma da zarar alamominsa sun bayyana ba a cika tashi ba. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa magani a gida.

Mutane za su ce ki samo wani ki maye gurbinsa. Kada ki yi sauri, musamman saboda yaron, kada ya ɗauka abin da aka yi sabo da shi ana sauya shi ne kamar takalmi. Ni sai da layya ta matso, tsaron garke ya zama dole, sannan na karɓi wata ƙaramar karya da wani mai gadi a Tulaku yake neman wanda zai riƙe. Halinta daban ne, tana da yawan haushi, kuma ba ta raka ni masallaci. Idan kin shirya ɗaukar wani, ki yi mini magana in haɗa ki da likitan da ya duba Tsira, domin a fara yi masa maganin tsutsar ciki da na kaska da allurai kafin ya saba da yaron.