Karen Bana da Zomon Bana: Amsoshin Tambayoyinku Kan Kalmomin Kare da Farauta

Tambayoyin da suka taru a wannan karon kusan duk a kan kare suke, musamman na farauta, don haka na haɗa su wuri guda.

Malam, ƙaryata ta farauta ta haifi 'ya'ya shida. Mene ne sunansu na ainihi a Hausa?

Kafin in taya ka murna, ɗan'uwa, sai na fara jajanta wa Hausa, domin yadda ka ɗora ƙugiya a kan harafin farko, abin da ka sanar da ni shi ne ƙaryar da ka shara ce ta haihu, alhali magabata sun daɗe da yanke hukunci cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Macen kare karya ce. Na saba da masu yar da ƙugiya saboda ƙiwuya, su rubuta kare suna nufin ƙare, amma wannan sabon salo na liƙa ta inda ba ta da gurbi, wai don rubutu ya yi kama da na masana, ya fi ba ni takaici.

Ɗan kare kwikwiyo ne, macen kwikwiya, jam'insu kwiyakwiyai, kuma ana aron kalmar ga ɗan zaki da ɗan kura. Karya takan ɗauki ciki kwana 63 ko kusa da haka, a haife su ba gani ba ji, idanunsu su buɗe tsakanin kwana 10 zuwa 14. Kada ka raba su da uwarsu kafin mako 8, domin a wasan cizon da suke yi da juna ne kowannensu yake koyon inda haƙori ya kamata ya tsaya.

Akwai bambanci tsakanin kiwo da ciyarwa? Kuma na ji wani yana cewa ba a kiwon kare ranar farauta, shin karin magana ne?

Ciyarwa ba da abinci ce kawai, kiwo kuwa ya haɗa da ci da sha da wurin kwana da duba lafiya da cire kaska da sanin halin dabba, shi ya sa mai jefa wa kare ragowar abinci daga nesa ba ya cikin masu kiwo. Zancen da ka ji ma'anarsa ta yi daidai, amma tsohon karin maganar da ke ɗauke da wannan nauyi shi ne ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko a zahirinsa ma zancen gaskiya ne. Karen da aka cika wa ciki sannan aka sa shi gudu ba ya taɓuka komai, kuma yana cikin haɗarin kumburin tumbi da murɗewarsa, wanda yakan kashe cikin sa'o'i kaɗan, musamman karnuka masu zurfin ƙirji. Babban cinsa ya kasance daren da ya gabaci fita, ko bayan an dawo ya huta numfashinsa ya daidaita. Kare mai aiki yana buƙatar nama da kitse fiye da mai kwana a gindin bango, kuma ba a ba shi dafaffen ƙashi, domin yakan tsage ya soki hanji. Ruwa kuwa kaɗan-kaɗan ne a kai a kai, saboda kare ba ya yin gumi a jiki kamar mutum, da haki yake rage zafi. Masu cewa yunwa ce ke sa kare ƙwazo su sani mayunwacin kare yakan kamo, amma wa kansa.

Malam, mahaifina yana cewa kare ba ya jin horo sai da sanda. Shin horo da duka ba abu ɗaya ba ne?

Ɗana, ka gaishe mini da mahaifinka, ka kuma gaya masa cikin ladabi cewa kalmar ce ta yaudare shi, kuma ba shi kaɗai ba. Horo fuska biyu gare shi a Hausa. Akwai horon da ake yi wa mai laifi, wanda hukunci ne, akwai kuma horon da ake ba soja ko malamin makaranta ko doki, wanda koyarwa ce ta maimaitawa har abu ya zama jiki. Daga wannan na biyun muka sami horarre. Da yake kalma ɗaya ce take ɗauke da kaya biyu, sai mutane da yawa suka ɗauka duk inda aka ce a hori abu, bulala ake nema, kuma wannan ruɗani ya lalata karnuka masu yawa, ya lalata yara fiye da haka, ko da yake ba kan yara muke ba yau.

Idan kana son sanin mene ne horarren kare, duba kalmar cuna. Ana cuna kare ga zomo, wato a nuna masa a zuga shi ya bi. Wannan rabin aikin ba ya buƙatar gwaninta, domin bin abin da ke gudu yana cikin jinin kare tun kafin ya san ubangidansa. Rabin da ke da wuya shi ne a kira shi ya dawo alhali naman yana gabansa, da kuma ya saki abin da ya kama ba tare da ya ci ba. Malaman fiƙihu sun riga mu lura da haka. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbobin farauta da aka koyar suka kamo, kuma da suka zo bayyana wanda aka koyar, sai suka ce shi ne wanda idan aka sake shi ya tafi, idan aka tsawata masa ya tsaya. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Bukhari da Muslim ya ƙara da cewa karen da ya ci daga abin da ya kama, ana tsoron kansa ya kama wa. Hukuncin cin naman na bar wa ma'abotansa, ni ma'anar nake bi, kuma babu inda sanda ta shigo cikinta.

Na taɓa zama ina kallon wani dattijo yana koyar da kwikwiyo ɗan wata huɗu. Ya ɗaure busasshiyar fatar zomo da igiya, ya ja ta cikin ciyawa yana karkacewa, ya ɓoye ta bayan kututture, sannan ya saki ɗan karen. Da ya gano ta ya cafke, sai ya ruga da ita gefe yana girgiza kai, yana satar kallon mai shi. Dattijon bai bi shi ba. Tsugunawa ya yi, ya yi fito sau biyu, ya buɗe tafin hannunsa da ɗan yankin nama a ciki. Kwikwiyon ya yi taku uku ya tsaya, ya dubi fatar, ya dubi hannun, can ya ƙaraso ya ajiye. Nan take ya sami naman da shafa a wuya, aka kuma mayar masa da fatar ya ci gaba da wasa. Duk abin bai wuce minti biyar ba aka tashi. Da na tambaye shi me zai yi da karen ya ƙi zuwa, sai ya ce zai koma ɗaure shi da doguwar igiya su sake daga farko, domin karen da ka kira ya zo ka doke shi, ka koya masa ne cewa zuwa wurinka shi ne laifin.

Abin da masu nazarin halayyar dabbobi suka tabbatar bai saɓa wa wannan ba. Kare yana haɗa sakamako ne da abin da ya aikata a daƙiƙa ɗaya ko biyu da suka wuce, don haka dukan da aka yi masa da yamma kan kazar da ya kashe da safe bai san na mene ne ba. Kuma daga mako 3 zuwa wajen mako 12 na rayuwarsa ne yake sabawa da mutane da dabbobin gida da ƙarar abubuwa cikin sauƙi. A nan ne karin maganar ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ya zauna daram, da sharaɗin a lura cewa tanƙwarawa aka ce, ba a ce karyawa ba.

Karnuka ne daidai ko karnai?

Duka biyun Hausa ne, amma karnuka ya fi yawo a rubutu.

Mafarauci da maharbi ɗaya ne?

Maharbi daga harbi yake, makaminsa ne ya ba shi suna. Mafarauci daga farauta, kuma yana iya dawowa da nama bai harba komai ba idan karensa ya san aiki. Wanda ya ce mahalbi ma bai yi kuskure ba, karin harshen yamma ne.

Malam, mu matasa muna cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, amma manya suna jin haushi. Me ya sa?

Saboda kun mayar da shi sandar korar tsofaffi, alhali ba abin da ya ce ke nan ba. Ma'anarsa ita ce kowane zamani da irin wayonsa, kuma wanda ya tashi cikin wayon ya fi saurin gane shi. Bai ce karen bara ba shi da amfani ba, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda ake fitar da sabon kare daji ya san a bayan tsoho ake sa shi, ya ga inda ake sa hanci da inda ake tare hanya.

Zomo ba gudu kaɗai ya dogara da shi ba, zilliya ce makaminsa, yakan karya kwana daidai lokacin da kare ya buɗe baki, sai mai ƙuruciya ya zarce da ƙarfinsa ya bar shi a baya. Tsohon kare ba ya bin sawun kai tsaye, yanke yake yi. Karnukan ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu farauta da ido, dogaye masu shafaffen ciki irin Saluki na ƙasashen Larabawa da Azawak na yankin Sahel, waɗanda gudunsu kan haura kilomita 60 a sa'a. Akwai kuma masu bin sawu da hanci, kuma hancin kare yana da ƙwayoyin jin wari sama da miliyan 200, inda na mutum bai wuce miliyan 5 zuwa 6 ba. Na farkon shekaru suna rage masa daraja da wuri, na biyun kuwa shekaru ƙara masa suke yi. Sannan karen bana na gaskiya, wanda bai cika shekara ba, ba a sa shi dogon gudu, domin ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba. Idan kuna neman karin maganar da ya fi dacewa da ku, ga kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Mene ne ba kare bin damo?

An sha wahala an tashi a tutar babu. Ni yadda nake ganin hoton, kare ne ya bar naman da aka fito nema ya bi damo, damo ya shige rami, karen kuma bai ji kira ba, aka dawo gida babu ko ɗaya.

Kare jini biri jini fa?

An gwabza, kowa ya ji a jikinsa.

A cikin kare ka mutu da haushin kura, wane haushi ake nufi?

Na zuciya, Malama, wato takaicin wanda ya fi ƙarfinka. Rubutu ɗaya ne da haushin baki, karin sauti ne ya raba su, kuma daɗin maganar shi ne kare yana yin duka biyun idan ya ji warin kura.

Me ya sa ake cewa mahaukacin kare? Kare yana hauka ne kamar mutum?

Sunan ya kama alama ɗaya ya saki sauran, kuma a nan haɗarinsa yake. Cuta ce da ƙwayar bairas ke kawowa, tana cikin yawun dabba, ta shiga ta cizo, ta bi jijiyoyi har ƙwaƙwalwa. Wani karen yakan fusata ya ciji duk abin da ya gani, wani kuwa lafewa yake yi, muƙamuƙinsa ya saki, yawu yana dalala, har mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa ya tura hannu cikin bakin. Wannan na biyun ba wanda zai kira shi mahaukaci, alhali cutar ɗaya ce. Karen farauta ya fi na gida shiga haɗari saboda yana gamuwa da dila da sauran namun daji, don haka allurar rigakafi tun yana wata 3, da maimaita ta yadda likitan dabbobi ya tsara, tana cikin ma'anar kiwo da na ambata a sama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samun ta, kuma da zarar alamu sun bayyana kusan ba a tashi. Tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa mutum rigakafinta a Faransa. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana tsawon minti 15, ya nufi asibiti a ranar.

Daidai ne a kira 'yan bangar siyasa karnukan farauta?

Ya riga ya zauna a bakin jama'a da na 'yan jarida, kuma ba ni da ikon tashinsa. Ta fuskar cunawa da kamo wa wani ya ci, kamancen ya fito sarai. Inda nake ganin an zalunci karen shi ne, na farautar gaske fito biyu ake yi masa ya saki abin da ke bakinsa ya dawo, su kuwa waɗannan, daga ranar da aka sake su, wanda ya cuna su ma ta bayan gida yake fita.